Ɗaki ciki ɗaya a birni: abin da ɗan Bande ke biya bayan kuɗin haya

Idan gwamnati ta turo malamin lakkol ko ma'aikacin likita zuwa Bande, ko wani ƙauye na gundumar Magarya ko ta Dungas, ba kasafai yakan kwana biyu yana neman wurin sa haƙarƙari ba. Za a kai shi gaban hakimi ko maigari, a yi masa barka da zuwa, kafin la'asar an share wani shago, ko wani ɗakin da mai shi ya tafi cin rani, an shimfiɗa tabarma, an aiko da fura. Maganar kuɗi, in ma za a yi ta, sai baƙo ya huta. Ɗan Bande da ya tashi cikin wannan al'ada yakan ɗauka haka duniya take ko'ina, har ranar da fatauci ko karatu ko canjin wurin aiki ya kai shi Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 70 kawai, ya tsaya ƙofar wani gida a Sabon Gari, dillali ya dube shi sama da ƙasa ya ce: wata uku a gaba, wata ɗaya na ajiya, sannan a ga abin da za a ba ni.

Ɗakin da ake wannan ciniki a kansa ciki ɗaya ne. Masu Faransanci suna ce masa antire-kushe, wato shiga ka kwanta, sunan kuwa bai yi ƙarya ba, don bayan katifa da akwati da buta babu sauran wurin da mutum zai miƙe ƙafa. In aka ƙara masa makewayi da wurin wanka daga ciki, da wata ƴar kusurwa ta ɗora tukunya, sai ya sami girma, a kira shi sitidiyo, kuɗinsa ya hau. Jerin irin waɗannan ɗakuna a fili guda, ƙofa na duban ƙofa, shi ne selibatariyom, gidan gwauraye, ko da yake a yau sau da yawa za a leƙa a tarar da magidanci da matarsa da ƴaƴa huɗu a ciki.

Abin lura shi ne, Damagaram ta riga garuruwa da dama sanin yadda ake saukar da baƙo. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya kuma ja wa Birni ganuwa, ayarin Tarabulus da na Agadas da na Barno da na Kano duk a nan suke gamuwa. Baturen Jamus Bart, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya same shi mahaɗar hanyoyi. Fatake a Zango suke sauke kaya, unguwar da har yau take riƙe da sunanta, kuma kowane falke yana da fatomansa. Fatoma yakan ba baƙo ɗaki, ya ba kayansa wurin ajiya, ya aika masa da tuwo, ya nemo masa mai saye, in an yi ciniki na bashi ya tsaya masa har a biya. Ba ya karɓar ko wuri da sunan haya. Rabonsa yana cikin la'adar ciniki. Haka tsarin yake a Fagge ta Kano, da zangon Kumasi, da Sabo ta Badun, inda wani mai bincike, Abna Kohen, ya rubuta littafi guda a 1969 a kan masu gidajen da ke sauke fataken shanu da na goro.

Hikimar wannan tsari a fili take. Arzikin mai masauki a ɗaure yake da na baƙonsa: in baƙo ya ci riba shi ma ya ci, in aka cuce shi a kasuwa sunan gidan ne ya ɓaci, baɗi kuma zai sauka wani wuri. Haya ta zamani ta kwance wannan ƙulli. Mai gida zai karɓi kuɗinsa a ƙarshen wata ko ɗan haya ya yi ciniki ko bai yi ba. Dillali kuwa, wanda ya gaji sunan la'ada bai gaji nauyinta ba, ranar da aka miƙa makulli ita ce ranarsa ta ƙarshe. In rufi ya yi yoyo bayan mako biyu, wayarsa a kashe za a same ta. Duk abin da fatoma yake ɗauke wa baƙo a da, ruwa da abinci da tsaro da shaida, yanzu baƙon ne zai saye shi ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ake ambata a kuɗin da dillali ya faɗa.

Masu neman ɗakunan kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Damagaram ta daina zama babban birnin ƙasa tun 1926, amma ƙidayar 2012 ta nuna jaharta ta fi kowace jaha a Nijar yawan jama'a, kuma kudancinta, wato wajen Magarya da Matamaye, nan ne mutane suka fi cunkushewa. Gona tana raguwa a kowane rabon gado. Gyaɗar da ta yi wa ƙasar Magarya suna, har aka kafa mata masana'antar matsar mai, ta faɗi tun fari da cututtukan shekarun 1970, ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Saurayi yakan gama girbi ya kama hanya. A can birni kuma an buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, ga ɗaliban lise da na makarantar koyon aikin likita, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji waɗanda ba sa taya farashi. Duk waɗannan ɗaki ciki ɗaya suke fara nema, a unguwanni ƙalilan da ke kusa da kasuwa da tasha da ofisoshi.

A ɗauki misali, ba don a ce haka farashi yake a kowace unguwa ba. A ce ɗaki jika 15 ne a wata. Wata uku a gaba jika 45 ke nan. Kuɗin ajiya, wanda ake kira kosiyon, jika 15. Dillali, wanda sau da yawa yakan nemi kwatankwacin wata guda ko rabinsa, a ce ya karɓi jika 10, ban da kuɗin man babur da aka zuba masa yana zagayawa da mutum gida-gida. An tashi jika 70 ke nan, ba a sayi ko tabarma ba. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta yanke a Nijar jika 30 ne da ƴan kai daga 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Ƙaramin ma'aikaci, ashe, zai zuba fiye da albashin wata ɗaya da rabi kafin ya kwana ɗaya a ɗakinsa. Ɗan kasuwa kuwa daga uwar kuɗi zai cire, abin da kowane mai sana'a ya san haɗarinsa.

To, amma wannan duk lissafi ne da ake gani. Wanda ba a gani, kuma wanda ya fi cin aljihu a Damagaram, shi ne ruwa. Mutumin Bande ya fito daga ƙasar ƙorama, inda ruwa ba ya da nisa, inda ake noman rake da lambu a fadama rani da damina. Ba zai taɓa kawowa a ransa cewa za a yi garin da ruwan wanka zai zama abin tsara kasafi ba. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙarƙashinta babu ruwan kirki. Tun zamanin Turawa ake jawo mata shi daga Gogo da Machaya a kudu, daga baya aka ƙara rijiyoyin Arunguza a arewa, sannan na Ganaram da ƙasar Sin ta taimaka aka haɗa a 2005. Duk lokacin da aka ƙara, gari ya riga ya ƙara faɗi. Daga Maris zuwa saukar damina akwai unguwannin da famfo ba ya magana sai tsakar dare, akwai waɗanda zai yi kwanaki bai ce uffan ba, musamman na kan tudu da na ƙarshen bututu. A lokacin ne ƴan garuwa ke zama sarakuna, kuɗin jarka ya hau yadda suka ga dama, mai haƙuri ya bi layi, mai aikin ofis da dole ya fita da safe ya biya.

Saboda haka mai neman ɗaki da ya ga kan famfo a tsakar gida ya yi murna, bai gama tambaya ba. Kan famfo ƙarfe ne, ana iya kafa shi ko'ina. Abin tambaya shi ne yaushe rabon da ya zubo, da ƙarfe nawa yake zuwa, wa ke riƙe da makullinsa, kuma yaya ake raba kuɗinsa: bisa ɗaki ne ko bisa kai? In bisa ɗaki ne, gwauron da ke wanka da bokiti guda zai riƙa biya wa maƙwabciyarsa mai wankin ƴaƴa shida. Wannan tambaya ba dillali ake yi wa ita ba, ba kuma mai gida ba. Matar da ta fi daɗewa a gidan ake yi wa, ko ɗan garuwan da ke tsaye a bakin lungu, don shi ya san gidajen da ke kiransa kullum. Yawan jarkoki da tukwanen da aka jera a tsakar gida ma amsa ce ga mai ido. Ɗakin da aka yi cinikinsa a watan Disamba, ana sanyi, ruwa na zuwa, wani ɗaki ne daban a watan Afrilu.

Wutar kuran ita ma haka. A yawancin gidajen haya kontar guda ce, wato ma'aunin wuta ɗaya ga ɗakuna shida ko takwas, da sunan mai gida. Takardar NIGELEC na zuwa sai a zauna rabo: wane yana da fanka, wane yana da firiji yana sayar da ƙanƙara, wance tana guga da dare ta ce ba ta yi ba. Zumuncin gidan haya da yawa a kan wannan takarda ya mutu. Mafi muni shi ne a shiga ɗaki a tarar da bashin waɗanda suka tashi, a zo a yanke wuta, a ce sai an biya tsohon kafin a mayar. Kontar mai kati, wadda ake sayen wuta tun kafin a sha, ta rage wannan rigima inda aka sa ta, amma in ɗaya ce ga gida duka sai rigimar ta koma kan wa zai sayo kati yau. Kuma ko an biya, wutar ba a hannun mai gida take ba: babban kaso na kuran da Maraɗi da Damagaram ke sha daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai cikin 2024. Wanda ya ƙara kuɗi don ɗaki mai fanka, a tsakar gida ya kwana tare da kowa.

Game da ginin kansa, magana ɗaya ta isa. Daminar 2024 ta rushe dubban gidaje a Nijar, kuma a farkon Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. In ginin ƙasa da sarakuna suka kula da shi ya faɗi, ɗakin da aka yi wa shafen siminti a kan jar ƙasa don a ƙara masa kuɗin haya abin dubawa ne da kyau. Gindin bango daga waje ake dubawa, da inda indararo ke zubarwa, da tsayin dokin ƙofa a kan lungu.

Sai zaɓin unguwa, inda mutane suka fi ruɗin kansu. Ɗaki kusa da kasuwar Dole ko bakin tasha ya fi tsada, ga ƙarar babura da injin niƙa da lasifika tun asuba, ranar Alhamis kuwa ko hanyar shiga gida sai an yi turereniya. Sabon zuwa yakan ji kuɗin ya ja da baya, ya tafi can bayan gari inda ɗaki ya fi faɗi, ya fi araha. Bai lissafa kabu-kabu ba, zuwa da dawowa, sau biyu a yini in yana komawa cin abinci, kwana ashirin da shida a wata. Bai lissafa cewa can ne bututu ya ƙare ba. Ga ɗan kasuwar da motar rake ko ta wake za ta iso masa daga Bande da tsakar dare, kusanci da tasha jari ne. Ga ma'aikacin da ke son barci da karatu, wata maganar ce. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba kullum take nufin kyau ba. Kowa sana'arsa ce za ta zaɓa masa unguwa.

Akwai kuma fadar samari da ke bakin ƙofa, masu shayi da karta har dare ya raba. Sunan da wasu ƙungiyoyin matasa na Damagaram suka yi a wajajen 2010 zuwa 2012 ya sa baƙo na ganin benci da butar shayi sai gabansa ya faɗi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ɗan kasuwar da ke kulle ɗaki ya yi mako a Maigatari ko Kano ya san cewa lungun da babu kowa a cikinsa ya fi lungun da ke da fada haɗari, muddin ya yi musu sallama, ya san sunayensu, wata rana ya sayi sukari. Wani yanki ne na aikin fatoma ya faɗo hannun waɗannan yara, ko da su ba su sani ba.

Ba kowa ne ma ake ba ɗakin ba, ko da kuɗinsa a hannu. Gidan da ke da matan aure ba ya son gwauro, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina iyali. Amma wahalar namiji wasa ce in aka gwada da ta mace. Malamar lakkol ko ungozomar da gwamnati da kanta ta aiko, ko bazawarar da ke sana'arta, sai ta zagaya gida biyar ana ce mata an riga an kama, alhali ɗakin a buɗe yake. In an ba ta, kowane baƙo da ya yi sallama da ita sai an ƙirga shi. Wannan rashin adalci ne, kuma masu yin sa su ne za su fi kowa kuka in aka ce babu mace a ɗakin haihuwa na asibiti. Abin da kan warware matsalar, ga mace da namiji, shi ne a zo da wani dattijo sananne a unguwa, ɗan gari ko ɗan Bande da ya daɗe a birni, ya ce wannan tawa ce, ko wannan nawa ne. Har yanzu dai mai tsaya wa baƙo ake nema.

Ma'aikacin gwamnati yana da nasa tabon na daban. Akwai lokacin da mai gida ke alfahari a ce mushe ne ko ɗan duwan ke zaune gidansa, don kuɗinsa ba ya makara. Shekarun 1990 suka ɓata wannan suna. An karya darajar kuɗin sefa da rabi ranar 12 ga Janairu 1994, kayan gini suka yi tsada, a lokaci guda kuma albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba. Masu gidaje da yawa, waɗanda wasunsu tsofaffi ne ko matan da mazansu suka rasu suka bar musu ɗakuna uku su ci abinci da su, sun ɗanɗana zama da ɗan hayar da ba za a iya kora ba, ba kuma zai iya biya ba. Wata ukun nan da ake nema a gaba, a wani ɓangare, gadon waɗannan shekaru ne. Malaman kwantaragi, da aka fara ɗauka a ƙarshen shekarun, sun gaji zargin ba su ci nanin ba. Ya kamata a faɗi wannan don kada a ɗauka kowane mai gida azzalumi ne; shi ma yana da wanda ke binsa.

Wanda fataucinsa ya wuce Damagaram, ya bi ta Magarya da Tinkim da Baɓura ya shiga Kano, zai tarar da wata al'adar. A can ba a san hayar wata ba. Shekara ake biya dunƙule, a Fagge ne, ko Kurna, ko Rijiyar Lemo da ke kan hanyar kasuwar hatsi ta Dawanau, ban da kason dillali. Mai sefa a aljihu yakan ga abin da sauƙi, musamman tun da naira ta faɗi a 2023. Sai dai kuɗin shekara caca ce a kan iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Duk wanda ya biya shekara ana gab da rufewa, ɗakinsa ya zauna a kulle kuɗi na ƙonewa, babu mai gidan da ya mayar da ko kwabo. Shi ya sa dabarar da wasu fatake ke yi ta fi: mutum huɗu ko biyar ƴan gari ɗaya su haɗa su kama ɗaki guda, kowa ya kwana in ya shigo sarin Kantin Kwari ko Singa. Asara in ta zo an raba ta. Illarta ɗaya ce, sunan mutum guda ne a wurin mai gida, in shi ya saɓa da sauran, ko ya rasu, sauran ba su da bakin magana sai in tun farko an rubuta su.

Rubutun nan shi ne abin da aka fi gudu, kuma shi ne kaɗai ya rage da zai tsaya a matsayin fatoma. Ɗan haya yana jin kunyar neman takarda, kada a ce bai yarda da dattijo ba. Mai gida kuma yana tsoronta, don yana ganin daga takarda sai ma'aikatar lanho. Sai a rabu a kan “Allah ya sa mu dace”, bayan wata takwas a dawo ana rantse-rantse a kan ko an biya watan azumi ko ba a biya ba. Alhali neman takarda ba baƙon abu ba ne a addini ko a doka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman Malikiyya, tun daga Risala da ake karantawa a kowace makarantar zaure, sun sharɗanta a ambaci kuɗin haya da wa'adinta, sun kuma bayyana cewa haya ba ta warwarewa don mai zama a gidan ya rasu. A ɓangaren hukuma, an kafa doka ta musamman a kan hayar gidaje a Nijar ranar 18 ga Afrilu 1996. Kwance wa ɗan haya ƙofa, ko kware masa rufi, ko fitar da kayansa waje don ya makara, ba hanyar doka ba ce. Korar mutum daga ɗaki aikin alƙali ne. Kafin a kai can ma akwai mai unguwa da fadar sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasanta irin wannan rigima, sai dai su ma abin da aka rubuta ko aka yi a gaban shaidu suke iya kamawa.

Ƴan kasuwa suna da wani abin kiyayewa na musamman. Da yawa sukan kama ɗaki da sunan kwana, sannu a hankali ya koma wurin ajiyar buhuna, daga nan a fasa taga a fara sayarwa. Hayar wurin kwana daban, hayar wurin sana'a daban. Ta biyun tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 wadda Nijar ke cikinta, kuma dokar ta ba wanda ya yi shekara biyu yana sana'a a wuri haƙƙin a sabunta masa haya, in kuwa mai gida ya ƙi ba da wani dalilin da doka ta yarda da shi ba, ya biya shi diyya. Wanda ya shiga da sunan kwana zai sha wuya kafin ya ci wannan gajiya. Ranar da ciniki ya kankama, masu saye suka san ƙofar, ranar ce mai gida zai tuna cewa ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakin.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba, ba kuma sai da Faransanci ba. Da boko ko da ajami, rabin shafi ya isa: sunan mai gida da na mai shiga, kuɗin wata da ranar biya, abin da aka bayar a gaba da na ajiya, wa ke gyaran rufi da kwashe masai, kwana nawa za a ba juna kafin tashi ko ƙarin kuɗi, sai hannun shaidu biyu, in da hali ɗaya mai unguwa ne. Kowane wata kuma a karɓi rasit, ko a riƙe ɗan littafi guda da mai gida zai riƙa sa hannu. In wakili ne ke karɓa, a tabbatar mai gidan ya san da shi, don gidajen gado da yawa suna da masu karɓar haya fiye da ɗaya.

Ranar tashi ce ke nuna amfanin wannan duka, don kuɗin ajiya ba ya son dawowa. Za a zagaya da ɗan haya a nuna masa tsagewar bango da ta girme shi a gidan, da hayaƙin da ya ɓata fenti, da makullin da ya sassauta, a ce duk a ciki za a cire, har a ƙarshe a nuna shi ake bi. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, bango huɗu da rufi da ƙofa aikin minti biyu ne a ranar shiga, a gaban mai gida. Lambar da kontar wuta da ta ruwa ke nunawa a wannan rana kuwa, a bayan rasit na farko ake rubuta ta, mutum biyun su sa hannu a ƙarƙashi, don ita mai unguwa zai fara tambaya in an je gabansa.